Tallafi, bashi ko rangwamen haraji: wane kuɗin gwamnati ne zai samar da masu ƙera gem a Gombe?

Gombe ba ta rasa masu buga gem ba. Ka bi ta Pantami ko Jekadafari ko Bolari bayan la'asar, za ka tarar da gidajen gem a cike, janareto na ta ruri a bakin ƙofa, samari na jiran a miƙa musu hannun PlayStation, waɗanda ba su samu wuri ba kuma kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Haka abin yake a Bauchi, daga Wunti har Yalwa. Masu ƙerawa ne muka rasa. Kusan duk wasan da yaranmu ke bugawa, wani ne ya zauna a wata ƙasa ya zana shi, ya rubuta manhajarsa, ya sa masa murya, kuma can kuɗin yake komawa.

Gwamnatin tarayya ta fara waiwayar irin waɗannan sana'o'i. A watan Oktoban 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kamfanonin fasaha masu tasowa, lokacin da ɗan Gombe, Farfesa Isa Ali Pantami, ke riƙe da ma'aikatar sadarwa, kuma dokar ta tanadi asusun jari da ba zai gaza naira biliyan 10 a shekara ba. A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da shirin iDICE na zuba jari a sana'o'in fasahar zamani da ƙirƙira, na sama da dala miliyan 617, da gudunmawar Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, aka damƙa wa Bankin Masana'antu gudanar da shi. A shekarar ce kuma aka buɗe ma'aikatar da ke kula da tattalin arzikin ƙirƙira, aka kuma fara shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, wanda ƙera gem na cikin darussansa. Ke nan maganar ko gwamnati za ta sa kuɗi ta wuce. Abin da ya rage shi ne ta wace hanya za ta sa shi, domin hanya guda tana iya ɗaga Legas ta bar Gombe a inda take, wata kuma tana iya barin yaro da bashin da zai shekara goma yana biya.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: ƙaramin tallafi da ake biya kashi-kashi, tare da gwamnati ta zama mai saye, shi ya fi dacewa da mu a yanzu. Amma sauran hanyoyin ma kowace da hujjarta, kuma akwai ƙasashen da suka ci nasara da su, don haka ya kamata a auna su da gaskiya.

Kafin a auna, sai an fahimci yanayin sana'ar. Ƙera gem ba ya buƙatar inji mai tsada. Manhajar ƙera gem ta Godot kyauta ce gaba ɗaya. Takwararta Unity kyauta ce ga ƙananan masu ƙira, ta uku Unreal kuwa ba ta karɓar kashi 5 cikin ɗarinta sai wasa ya tara dala miliyan ɗaya. Rajistar sa wasa a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 a shekara, ta Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, dala 100 kan kowane wasa. Tsadar tana wajen lokacin mutane: mai rubuta manhaja, mai zane, mai haɗa sauti, mai tsara yadda wasan zai gudana, dukkansu sai sun ci abinci na wata shida ko shekara guda ko fiye, ba tare da kwabo ya shigo ba. Bayan duk wannan wahala kuma, yawancin wasanni ba sa mayar da kuɗin da aka kashe musu. Kamfanin Rovio na ƙasar Finlan sai da ya yi wasanni 51 kafin Angry Birds ya fito a 2009 ya ɗauke shi. Duk tsarin da bai yi tanadin faɗuwa ba, bai san sana'ar ba.

Rangwamen haraji

Wannan ita ce hanyar da manyan ƙasashe suka fi so, kuma ita masu jawabi a taro suka fi ambata. Lardin Kwibek na Kanada ya fara ta a 1996: kamfani ya ɗauki ma'aikata, gwamnati ta mayar masa da wani kaso na albashin da ya biya, har zuwa kashi 37.5 cikin ɗari. Shekara guda bayan haka kamfanin Ubisoft na Faransa ya buɗe reshe a Montreal, kuma yau birnin na cikin manyan cibiyoyin ƙera gem a duniya, da dubban ma'aikata. Birtaniya ta bi sahu a 2014, ta kuma gindaya sharaɗin cewa sai wasa ya ci jarrabawar al'ada, wato ya nuna alaƙa da ƙasar ta fuskar labari ko harshe ko ma'aikata. Faransa na mayar da kashi 30 cikin ɗari. Ostareliya ma kashi 30, amma sai kamfanin da ya kashe aƙalla dalar ƙasar 500,000.

Kyawun wannan hanya shi ne babu jami'in da zai zauna ya zaɓi wanda za a ba. Ka kashe kuɗinka, ka kawo takardu, a mayar maka. Alfarma da sanayya ba su da ƙofar shiga sosai.

Sai dai dubi wanda aka yi wa tsarin. An yi shi ne don kamfanin da ya riga ya tsaya, yana biyan albashi duk wata, yana da akanta, yana da kuɗin da zai kashe ya jira a mayar masa bayan shekara. Matasa huɗu da suka haɗu a ɗaki guda a Tumfure ba su da albashin da za a mayar musu da kasonsa. Haraji ma ba shi ne damuwarsu ba, domin tun a 2019 dokar kuɗi ta ɗauke wa ƙaramin kamfani harajin kamfani, wato a lokacin wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba. Kuma harajin kamfani na tarayya ne, jiha ba ta da ikon yafe shi, abin da take karɓa shi ne harajin albashin ma'aikata. Idan Abuja ta kawo wannan tsari, kamfanonin Legas irin su Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, su za su amfana, kuma sun cancanta. Ba na adawa da shi a matsayin tsarin ƙasa. Amma kada wani ya gaya mana cewa an yi wa Arewa maso Gabas wani abu da shi. Ko a Kwibek ɗin ma an daɗe ana ƙorafin cewa kaso mai tsoka na kuɗin yana tafiya ga rassan kamfanonin waje, waɗanda mallakar wasannin da ribarsu ke komawa ƙasashensu, kuma a kasafin 2024 lardin ya fara rage rangwamen.

Bashi

A nan zan daɗe, domin ita ce hanyar da gwamnatocinmu suka fi sabawa da ita, kuma ita ce ta fi haɗari ga yaron Gombe.

A 2010 gwamnatin Jonathan ta sanar da asusun dala miliyan 200 na masana'antar nishaɗi, bashi ne ta hannun bankunan gwamnati. A 2019 Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka fito da shirin bashi ga masu ƙirƙira, wanda ya haɗa da fim da waƙa da ɗinki da fasahar sadarwa, da kuɗin ruwa da bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba. A takarda sharaɗin ya yi sauƙi idan aka kwatanta da bashin kasuwa. Amma bashi yana da ɗabi'arsa da ba ta canzawa: ranar biya tana zuwa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Tela da ya ci bashi ya sayi keke zai fara ɗinki washegari, kuɗi na shigowa kullum. Mai ƙera gem zai shekara babu ciniki, kuma idan wasan bai karɓu ba, babu abin da zai sayar ya biya, sai kwamfuta da ta tsufa. Banki ya san da haka, shi ya sa yake neman jingina. A garinmu kuwa jingina na nufin takardar gidan mahaifi ko gonar gado.

Ga kuma maganar da masu tsara shiri a Abuja kan yi wa riƙon sakainar kashi: riba, wato kuɗin ruwa. Matasa da yawa a Gombe da Bauchi ba za su taɓa bashin da ke da kuɗin ruwa ba, ko da kashi ɗaya ne, kuma iyayensu ba za su sa hannu a matsayin masu tsaya musu ba. Wannan ba taurin kai ba ne, addini ne, kuma tsarin da ya yi biris da shi ya kori mutanen tun kafin su cika fom. Bankuna irin su Jaiz da TAJ sun nuna cewa ana iya gudanar da harkar kuɗi ba da ruwa ba, amma ko a can, sayen kaya a sayar maka da riba sananniya zai samar maka kwamfuta ne kawai, ba zai ciyar da kai wata takwas ba.

Masu goyon bayan bashi kan kawo misalin Supercell na Finlan, kuma misali ne na gaske. An kafa kamfanin a 2010, hukumar gwamnati ta Tekes ta ba shi rancen kusan yuro 400,000, a 2012 ya fito da Clash of Clans, daga baya harajin da ya biya wa ƙasarsa ya ninka rancen ninkin ba ninkin. To amma a duba irin rancen. Irin wannan rance na bincike da ƙirƙira a Finlan yawanci ba ya buƙatar jingina, ruwansa kaɗan ne ƙwarai, kuma idan aikin ya faɗi bisa dalili na gaskiya ana iya yafe wani ɓangare. Waɗanda suka kafa kamfanin kuma gogaggu ne da suka daɗe a sana'ar. Sunansa bashi, amma gwamnati ta ɗauki rabon kasadar.

Ɗaya gefen kuma shi ne abin da ya faru a jihar Rhode Island ta Amurka. A 2010 jihar ta tsaya wa wani kamfani guda, 38 Studios na tsohon ɗan wasan ƙwallon baseball Curt Schilling, a kan bashin dala miliyan 75, bisa alƙawarin samar da ayyuka 450. A 2012 kamfanin ya sallami ma'aikatansa duka ya durƙushe, jama'ar jihar suka shafe shekaru suna biyan miliyoyin daloli daga harajinsu. Kuɗi mai yawa, kamfani ɗaya, wasa ɗaya babba da ba a gama ba. Duk kwamishinan da wani ya zo masa da babbar jaka da alƙawarin mayar da Gombe cibiyar gem ta Afirka idan jiha ta tsaya masa, ya karanta labarin nan kafin ya sa hannu.

Gini, gasa da sayen kamfanoni

Saudiyya ta bi hanyar mai kuɗi. A 2022 ta ware kusan dala biliyan 38 ta kamfanin Savvy, a 2023 ta sayi kamfanin gem na Amurka mai suna Scopely a kan dala biliyan 4.9, a 2024 ta fara gasar cin kofin duniya ta gem a Riyad. Ba hanyarmu ba ce, ba mu da aljihunta.

Ƙaramin kwafinta shi ne wanda ya fi jan hankalin 'yan siyasa: a gina katafaren gini, a sa masa suna cibiyar fasaha, a yanke kyalle, a ɗauki hoto. Gini yana ganuwa, kuma akwai kwangila a cikinsa. Sai dai gini ba ya ƙera wasa, kuma idan babu kuɗin gudanarwa a kasafin shekara ta biyu, ƙura ce za ta rufe kwamfutocin. Amma kada a jefar da abin da ke da amfani a ciki. Wuta da intanet matsala ce ta haƙiƙa. Duk da madatsar Dadin Kowa mai megawat 40 tana jiharmu, wutar gida ba abin dogaro ba ce ga wanda aikinsa ke kan kwamfuta, kuma kuɗin data ya ƙaru bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. Kamfanin Kiro'o na Yawunde a Kamaru, wanda ya fitar da wasan Aurion a 2016, ya sha fama da ɗaukewar wuta kafin ya gama. Koriya ta Kudu kuwa, kafin ta yi suna a gem, intanet mai sauri ta fara shimfiɗawa a ƙarshen shekarun 1990. Abin da muke buƙata ɗaki ne, ba gini ba: ɗaki biyu ko uku a cikin Jami'ar Jihar Gombe, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, a sa musu sola da batir da intanet mai ƙarfi da kwamfutoci goma sha biyu masu ɗaukar zane, a bar su a buɗe har dare, a kuma yarda wanda ba ɗalibi ba ya shiga.

Gasar buga gem tana da arha kuma tana tara matasa, amma masu bugawa take samarwa. Amfaninta ga mai ƙira shi ne a ware teburi a wajen gasar inda jama'a za su gwada sabon wasan gida su faɗi ra'ayinsu.

Horarwa

Babu mai musun horarwa. Matsalar ita ce abin da ke biyo bayanta. Wanda ya yi wata uku yana koyon Unity ya karɓi takardar shaida, in bai samu aikin da zai yi da ita ba, ko ya manta, ko ya koma zanen fosta, ko ya tattara ya tafi Abuja. Idan ya samu aikin nesa yana yi wa kamfanin waje daga ɗakinsa, ya ci riba kuma gidansu ya amfana, ba na raina hakan. Amma ba a kira wannan masana'anta ba. A sana'ar nan ana ƙwarewa ne ta hanyar gama wasa a sake shi, a ga inda mutane suka gaji suka ajiye, a koma a gyara. Horarwa ita kaɗai tana kai mutum bakin ƙofa ne ta bar shi.

Ƙaramin tallafi kashi-kashi

Birtaniya, duk da rangwamen harajinta, ta gane cewa ƙananan masu ƙira ba sa kaiwa gare shi, sai ta kafa asusun gem a 2015 a birnin Dundee, wanda ya fara da ba ƙaramin kamfani kusan fam 25,000 ya yi samfurin farko da zai nuna wa masu zuba jari. Jihar Victoria ta Ostareliya ta daɗe tana ba da irin wannan, kuma daga ciki Untitled Goose Game ya fito a 2019, wasan da mutum huɗu suka ƙera ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya.

Dabarar ita ce ta manomi lokacin shuka: ƙwaya huɗu ko biyar yake zubawa a rami, don ya san ba duka za su tsiro ba, in sun fito kuma ya cire raunana ya bar masu ƙarfi. A ce jiha ta ɗauki rukuni goma, kowane na mutum huɗu. Kowane mutum a ba shi naira 120,000 a wata na wata huɗu, wato rukuni guda miliyan ɗaya da dubu 920, rukuni goma kuma ƙasa da miliyan 20. Ƙarshen wata huɗu kowa ya kawo abin da za a iya bugawa a waya, ba takarda ba, ba hoton allo ba. Rukuni uku da suka fi ƙoƙari a ƙara musu wata takwas su gama, a kuma ware musu kuɗin talla da kuɗin rajistar da sai da dala ake biya. Ko an haɗa da ɗakin aiki da sola, lissafin gaba ɗaya bai kai abin da ake kashewa a ɗan guntun titi ba. Bakwai ɗin da ba su wuce ba kuma ba su yi asara ba: sun koyi aiki, babu mai bin su bashi, kuma suna iya dawowa baɗi.

A mataki na biyu nake ganin ya dace a shigo da rabon riba. Gwamnati ta sa jari, matasa su sa aiki, in wasan ya yi ciniki a mayar wa asusun wani kaso da aka yi yarjejeniya a kansa, in ya faɗi ba da sakaci ko ha'inci ba, mai jari ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Wannan shi ne mudaraba da malamanmu suka sani a littattafan fiƙihu tun da daɗewa, kuma ya yi kama da yadda kamfanonin da ke fitar da gem kasuwa a duniya ke hulɗa da ƙananan masu ƙira, inda suke ba da kuɗi a gaba su cire daga ciniki. Uba zai sa albarka a irin wannan. Sharaɗi guda da ba zan sassauta ba shi ne mallakar wasan ta zauna a hannun waɗanda suka ƙera shi, kada ta koma ta ma'aikata.

Rauninta kuwa a bayyane yake, kuma babba ne. Kuɗin da ba a biya shi ne kuɗin da ya fi jawo 'yan alfarma. In ba a yi hattara ba, sunaye za su fito daga ofishin jam'iyya, a raba kuɗin kamar na tallafin sallah, a rufe fayil. Maganinsa ba wa'azi ba ne, tsari ne. Alƙalai su fito daga cikin masu sana'ar, wasu daga wajen jiha, kuma ba su san masu nema ba. Kada a karɓi takardar neman tallafi sai da ɗan samfuri, ko na minti biyu ne, domin ɗan alfarma yana iya sa a rubuta masa takarda, amma ba ya iya sa a buga masa wasan da babu shi. A riƙa biya wata-wata ta asusun banki. A wallafa sunayen waɗanda suka samu da adadin da aka ba su, a kuma yi ranar nuni a fili inda kowa zai zo ya gwada. A tanadi gurbi ga 'yan mata, musamman a zane da rubuta labari da sauti, tare da lokacin aiki na rana da iyaye za su amince da shi.

Rauni na biyu shi ne yankewa. Ostareliya ta kafa asusun gem na dalarta miliyan 20, sabuwar gwamnati ta zo ta soke shi a 2014 tun rabin kuɗin bai fita ba. Jamus ta ware yuro miliyan 50 a shekara daga 2019, amma kuɗin ya riƙa ƙarewa, har aka rufe karɓar buƙatu a 2022, aka sake rufewa a 2023, kamfanonin da suka yi lissafi da shi suka shiga ruɗani. Naira miliyan 30 duk shekara na shekara biyar ta fi naira miliyan 300 sau ɗaya amfani. Don haka asusun ya samu doka daga majalisar jiha, kada ya rataya a kan son ran gwamna guda.

Gwamnati a matsayin mai saye

Wannan ba a cika ambatonta ba, kuma a ganina ita ce abokiyar tafiyar tallafi. Kasuwar gida tana da wuya. Masu jin Hausa miliyoyi ne, amma wayoyinsu yawanci ƙananan Tecno da Itel da Infinix ne, ba su saba sayen wasa da kuɗi ba, kuma abin da talla ke biya a kan mai kallo a Nijeriya bai kai na Turai ko kusa ba. Kamfani sabo yana buƙatar abokin ciniki na farko da zai biya da gaske. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha tana buƙatar abin da zai koya wa yaro haɗa baƙi da wasali da ƙidaya, wanda ke aiki ba tare da data ba. Hukumar lafiya a matakin farko tana buƙatar hanyar nuna wa yaran yankin Kaltungo, inda saran maciji ya yi yawa, abin da ake yi da abin da ba a yi bayan sara. Maimakon a ba ɗan kwangila ya sayo manhajar waje, a ba rukunin gida su yi da Hausa, su ƙara Fulfulde ko Tangale ko Tera ko Waja.

Haɗarinta shi ne wasan da aka yi don a faranta wa darakta rai, wanda yaro zai buga sau ɗaya ya ajiye. Saboda haka kashin ƙarshe na kuɗin ya dogara da gwaji a aji na gaske, a gaban malamai. Wani haɗarin shi ne jinkirin biya, wanda ke kashe ƙaramin kamfani cikin wata uku, don haka a ajiye kuɗin a gefe kafin a ba da aikin.

Akwai abin da ya shafi duk hanyoyin nan, kuma wanda ya manta da shi zai sha mamaki: yardar jama'a. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kano, malamai da jama'a suka nuna ƙin amincewa, aka janye. Gem ma yana da nasa zargin. Iyaye na ganin yana hana karatu da sallah, wasu kuma sun haɗa shi da shagunan caca. Damuwar tasu tana da tushe, kuma gara a zauna da su tun farko. Asusun ya rubuta ƙarara cewa ba ya tallafa wa caca, har da akwatin sa'a da ake saye da kuɗi a cikin wasa ba a san abin da ke ciki ba, wanda Beljiyam ta haramta tun 2018. A sa malami da malamin makaranta da uwa a kwamitin ba da shawara, amma zaɓen wasan da ya fi inganci a bar wa masu sana'a. Abin ƙerawa kuwa ba mu rasa ba: dara, langa, dambe, kokawa, kiwo da neman ruwa a rani, dajin Yankari, kafuwar masarautar Gombe a hannun Bubayero. Dara kaɗai, in aka yi ta da kyau yadda mutum biyu za su kara daga gari biyu a ƙaramar waya, ta isa wasan farko.

Ga kai ƙanena mai son shiga sana'ar, zaɓinka ya fi na gwamnati sauƙi. Horon kyauta ka karɓa duk inda ka same shi. Tallafin da ba a biya ka nema, amma ka karanta sharaɗin mallaka kafin ka sa hannu. Rabon riba ka yarda da shi idan kason a rubuce yake kuma yana da iyaka. Bashi mai ranar biya kada ka ci shi a kan wasanka na farko, ballantana ka jinginar da takardar gida. Ku yi rajistar kamfani da zarar kun kai mutum uku masu aiki da gaske, domin shaidar da dokar 2022 ke bayarwa ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, da yawancin kuɗin shirye-shiryen tarayya, kamfani ake ba, ba mutum ba. Ka fara da wasa ƙarami da za ka gama cikin wata uku, wanda zai buɗe a wayar ƙanwarka ba tare da data ba. Google na buƙatar sabon mai asusu na kansa ya tara masu gwaji su yi sati biyu suna buga wasan kafin a sake shi ga jama'a, don haka tun yanzu ka fara tara lambobin abokanka na gidan gem.